Wunmi Mosaku: 'yar Zariya ce ko 'yar Manchester?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Duk wanda ya kalli Sinners, fim ɗin Ryan Coogler da ya fito a watan Afrilun 2025, ba zai manta da Annie ba, matar Smoke jarumin fim ɗin, wadda ta fara gane cewa baƙin da ke tsaye a bakin ƙofa suna neman a ce musu su shigo ba mutane ba ne. Sunan jarumar Wunmi Mosaku. Abin da ya sa na kawo maganarta shi ne a Zariya aka haife ta, ranar 31 ga Yuli 1986. Iyayenta Yarbawa ne, dukansu biyu malaman jami'a, kuma tana da shekara ɗaya suka ƙaura da ita Manchester a Ingila. Yanzu ga ta da lambar yabo ta BAFTA, babbar kyautar fim da talabijin ta Birtaniya, ga ta a shirin Loki, ga ta a shirin Luther tare da Idris Elba. Tambayata ita ce, me ya sa mu nan ba ma ambatonta? Da ɗan ƙwallo ne aka haifa a Zariya yake buga wa Manchester United, da yanzu hotonsa na manne a bayan kowace Keke Napep daga PZ har Kwangila.

Yarima na Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Malam, da wace hujja za mu ce tamu ce? Shekara ɗaya fa ka ce. Ba ta ji Hausa ba, ba ta san Tudun Wada ba, makarantarta ta Ingila, harshenta na Manchester. Mu daina rige-rigen mallakar mutum sai bayan ya yi suna. Lokacin da take fitowa na minti biyu a fim wa ya neme ta?

Sarkin Majigi:
Kafin a yi nisa da gardamar ta wane gari ce, bari in shimfiɗa aikinta, don yawancin waɗanda suka san ta yanzu daga Sinners ko Loki suka san ta, alhali ta daɗe tana abin nan.

A unguwar Chorlton ta tashi, kudancin Manchester, kuma ta yi shekara goma sha ɗaya tana waƙa a ƙungiyar mawaƙa 'yan mata ta birnin. Daga nan ta samu shiga RADA a Landan, makarantar koyon wasan kwaikwayo da aka kafa tun 1904, wadda ɗaliban da take ɗauka a kwas ɗin wasa ba su wuce talatin ba a shekara, daga cikin dubban masu nema. Ta gama a 2007. Ta sha ba da labarin yadda ta san da makarantar: tana yarinya ta ƙwallafa rai a kan wani fim na waƙe-waƙe na 1982 mai suna Annie, sai ta bi sunayen 'yan wasan ɗaya bayan ɗaya tana duba inda kowa ya koyi sana'ar, ta tarar Albert Finney mutumin Salford ne, nan maƙwabtan Manchester, kuma RADA ya yi. Ta ce to ita ma can za ta nema.

Bayan ta fito sai wasan daɓe a ƙananan gidajen wasa na Landan, sai Moses Jones na BBC a 2009, sai I Am Slave a 2010, sai Vera na tashar ITV daga 2011, inda ta fito a ƙaramar 'yar sanda Holly Lawson a ƙarƙashin Brenda Blethyn. A manyan finafinai irin su Philomena na 2013 da Batman v Superman na 2016, in ka tashi ɗauko ruwa ka dawo ta riga ta wuce. Shekara goma cur tana wannan kafin BAFTA ta zo a 2017. Daga kammala makaranta zuwa Sinners kuwa shekara goma sha takwas.

Maman Hanifa (Manchester):
Sannu Sarkin Majigi, ka kyauta. Ni da nake zaune a garin zan ƙara wani abu da ba a gani a jerin finafinai. Iyayenta da suka zo, ba su samu irin aikin da suka bari a gida ba. Mahaifiyarta sana'a ta kama, mahaifin kuma daga baya ya koma Najeriya. Wannan labarin ban da inda ba na jin sa a nan. Akwai ɗan'uwa a masallacinmu da ya yi shekaru yana koyarwa a jami'a a gida, a nan gadin dare yake yi a wani babban kanti, kuma ba ya son 'ya'yansa su gan shi da rigar aikin. Yaran irin waɗannan gidaje da nauyi suke tashi, sun san abin da aka sadaukar saboda su. Shi ya sa a ce yarinya daga irin gidan nan ta ce wasan kwaikwayo za ta karanta, ba likitanci ko lauya ba, ba ƙaramin abu ba ne. Ni kaina in Hanifa ta zo min da wannan magana sai na yi dogon numfashi.

Baba Malam:
Assalamu alaikum 'ya'yana. Ni ba mai yawan kallo ba ne, jikokina ne suka nuna min wannan zaure. Shekarar da aka ambata ce ta ja hankalina. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar naira ta faɗi, albashin malami ya koma abin da ba ya kai shi tsakiyar wata. Ina aikin koyarwa a lokacin. Cikin 'yan shekaru mun ga malaman jami'a suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, wasu Ingila, wasu Amurka, likitoci da yawa Saudiyya. Kowane gida da dalilinsa na tafiya, amma zamanin da aka ɗauki yarinyar nan daga Zariya ke nan. Kuma Zariyar wancan lokaci gari ne da ya tara kowa. A Samaru za ka ga Bayarabe, Inyamuri, mutumin Gana, Ba'indiye, Bature, 'ya'yansu duk a makaranta ɗaya. Saboda haka in an ce an haifi 'yar Yarbawa a Zariya a 1986, ba baƙon abu aka faɗa ba.

Yarima na Sabon Gari:
Allah ya ƙara girma Baba. Amma maganarka ma ta ƙara min ƙarfi. Ni a Sabon Gari na tashi. Abokina da muka yi firamare da sakandare tare Bayarabe ne, a nan aka haife shi, a nan aka haifi babansa, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Da ya je neman takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma don shiga makaranta, aka ce ya tafi garin kakansa, garin da bai taɓa kwana a ciki ba. To ku gaya min, da Wunmi ta zauna ba a tafi da ita ba, da wannan takarda za a ba ta? Wanda ke tare da mu shekara arba'in mun ce baƙo ne, wadda ta yi shekara ɗaya kuma, saboda ta hau jan kafet, muna cewa tamu ce. Wannan ne ke ƙona min rai, ba ita ba.

Ɗan Samaru:
Yarima, wannan magana taka gaskiya ce kuma tana da ciwo. Sai dai ni a ganina ba ta rushe tawa ba. Abokinka ɗan Zariya ne, ita ma haifaffiyar Zariya ce, laifin yana wurin tsarin da ya hana shi takarda. Gyaran shi ne mu karɓe su duka biyun, ba mu ƙi ta don an ƙi shi ba.

Ummu Sudais (Omdurman):
Salamu alaikum. Ina karanta ku tun ɗazu. Mu Hausawan Sudan mun san wannan zancen na "ɗan asali" fiye da kowa, kakanninmu sun zo tun zamanin tafiyar Hajji a ƙasa, amma har gobe akwai mai kallonmu a matsayin baƙi. Don haka bari in yi magana a kan fim ɗinta da ya shafi ƙasar nan.

I Am Slave tashar Channel 4 ce ta nuna shi a 2010. Ta fito a Malia, yarinya daga duwatsun Nuba, 'yar wani gwanin kokawa, wadda mahara suka sace tana da shekara goma sha biyu, aka sayar da ita ga wani gida a Khartoum, bayan shekaru aka tura ta Landan aikatau wurin 'yar'uwar uwar ɗakinta, aka karɓe fasfonta aka kulle ta a gida. An gina labarin ne a kan rayuwar Mende Nazer, wadda ta tsere daga wani gida a Landan a shekarar 2000. A nan mutane da yawa ba su so fim ɗin ba, suna ganin Turawa ne ke ɓata sunan Sudan. Ni ma akwai inda na ga an sauƙaƙa lamari, an mai da shi baƙi da fari, alhali yaƙin Kordofan, yankin da duwatsun Nuba suke, ya fi haka sarƙaƙiya. Amma abin da ba zan musa ba shi ne wasan yarinyar. Tana da shekara ashirin da 'yan kai a lokacin, maganar da aka rubuta mata kaɗan ce, kusan komai da ido da tsayuwa take faɗa. Yadda take sunkuyar da kai in uwar ɗaki ta shigo, na san wannan sunkuyon, na gan shi a gidajen da na shiga da ƙafata. Wadda ta tashi a Manchester ta ina ta samo shi? Aiki ne, nazari ne.

Bazazzagiya:
Anti Ummu kin sa jikina ya yi sanyi. Ni Loki kawai na sani da Sinners. Wane ne fim ɗin da ta ci BAFTA da shi?

Maman Hanifa (Manchester):
Ƙanwata, sunansa Damilola, Our Loved Boy, BBC ta nuna shi a 2016. Wataƙila ke ƙarama ce lokacin da abin ya faru. Damilola Taylor yaro ne ɗan Legas. A watan Agustan 2000 mahaifiyarsa Gloria ta kawo shi Landan tare da 'yan'uwansa, don a nema wa yayarsa maganin farfaɗiya, mahaifinsa Richard yana gida yana aiki. Ranar 27 ga Nuwamba na wannan shekarar, yana dawowa daga ɗakin karatu na unguwar Peckham, aka soke shi a cinya da fasasshiyar kwalba, ya ja jiki zuwa matattakalar wani bene, jini ya ƙare masa. Saura kwana goma ya cika shekara goma sha ɗaya. Wata uku kacal da zuwansa ƙasar. Shari'ar farko a 2002 ba a kama kowa da laifi ba, sai a 2006 aka samu wasu 'yan'uwa biyu da laifin kisan. Gloria ta rasu a 2008 da ciwon zuciya, Richard kuma ya rasu a 2024 bayan ya ƙarar da sauran rayuwarsa yana yaƙi da kashe-kashen wuƙa tsakanin matasa.

Wunmi ce ta fito a Gloria, Babou Ceesay kuma a Richard. Ba fim ɗin 'yan sanda da bincike ba ne, labarin gidan ne, yadda miji da mata da sauran 'ya'ya ke zama bayan irin wannan. Abin da ya kama ni shi ne ba ta yi mana uwar da muka saba gani a fim ba, mai birgima a ƙasa tana ihu daga farko har ƙarshe. Ta yi matar da ita ce ta kawo yaron ƙasar, ta san haka, mijinta ma ya san haka, kuma dole ta tashi da safe ta kula da marar lafiyar da aka zo dominta. Duk macen da ta taɓa ɗauko 'ya'ya ta kawo su ƙasar wasu da niyyar alheri za ta gane abin da ke fuskarta. Lokacin tana da shekara talatin, amma ta ɗauki matsayin uwar manyan 'ya'ya ba ka ji wani abu ya yi maka ba daidai ba. A 2017 aka ba ta BAFTA ta talabijin a rukunin mataimakiyar jaruma, fim ɗin kansa ma ya ci tasa kyautar.

Ɗan Kongo:
Ni fa ina da ƙorafi, kuma ba a kanta ba ne, a kan masu raba aikin ne. Ku duba abin da kuka lissafa: baiwa, uwar yaron da aka kashe, 'yar gudun hijira. Kullum in Bature zai ba baƙar mace babban matsayi sai ya kasance na wahala. Yaushe za a ba ta sarauniya, ko shugabar kamfani, ko mace mai soyayya kawai ba tare da an kashe mata kowa ba? Ita ma Sophie Okonedo, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, da Hotel Rwanda na 2004 aka fara saka sunanta a takarar Oscar, labarin kisan ƙare dangi. Hawayenmu ne kasuwarsu.

Sarkin Majigi:
Ɗan Kongo, rabin maganarka na karɓa. Gaskiya ne a Birtaniya ƙofar ta daɗe a ƙuntace, shi ya sa da yawansu suka tsallaka Amurka kafin a ba su abin da ya dace da su: Idris Elba sai da ya yi The Wire, Chiwetel Ejiofor da 12 Years a Slave a 2013, David Oyelowo da Selma a 2014, Daniel Kaluuya da Get Out a 2017. Har sai da abin ya jawo gunaguni daga wasu baƙaƙen 'yan wasan Amurka, Samuel L. Jackson ya fito a 2017 ya nuna rashin gamsuwa da yadda ake ba 'yan Birtaniya labaran da suka shafi tarihin baƙar fatar Amurka. Ita ma Wunmi yanzu a Los Angeles take zaune.

Inda na rabu da kai shi ne cewa wahala kawai take fitowa. A Loki, daga 2021, kwamandar dakaru ce mai suna B-15, ita ce ta fara kama Loki ɗin, wato Tom Hiddleston, ta ɗaure masa wuya. A We Own This City na 2022 lauyar gwamnati ce mai binciken zaluncin 'yan sandan Baltimore. A Luther na 2019 jami'ar bincike ce mai kaifin basira. A Lovecraft Country na 2020 mawaƙiya ce a Chicago ta shekarun 1950, Ruby, mai baki da zafin zuciya, wadda aka ba wani magani da ke mai da ita farar mace na ɗan lokaci, ta je ta samu aikin da aka hana ta a babban kanti tana baƙa. Wannan shirin dai ba na kallo da iyali ba ne, ina faɗa tun yanzu, akwai abubuwan da ba su dace ba a ciki.

Kuma ko a waɗanda ka kira na wahala, duba me take yi da su. Ɗauki His House na Remi Weekes, 2020, yana Netflix. Ita da Sope Dirisu mata da miji ne da suka gudo daga yaƙin Sudan ta Kudu, suka tsallake teku a kwale-kwale, aka ba su wani ruɓaɓɓen gida a gefen Landan bisa sharaɗin ba aiki, ba ƙaura, sai ɗan kuɗin mako. Mijin so yake ya zama Bature da ƙarfin tsiya, ya sayi kayansu, ya ce a ci abinci da cokali, a yi Turanci ko a cikin ɗaki. Ita kuwa, Rial, ta ƙi. Ita ce ba ta tsoron fatalwar da ke cikin bangon gidan, domin ta riga ta ga abin da mutane suka yi, ita ce kuma mai faɗin gaskiya a gidan. Akwai inda ta ɓata hanya tana neman asibiti, ta ga samari uku baƙaƙe ta ji sanyi a ranta ta nufe su, su kuma suka kwaikwayi maganarta suka ce ta koma Afirka. Sannan inda likita ta tambaye ta tsagar da ke jikinta, ta bayyana cewa ɗaya ta gado ce, ɗayar kuma ita ta yi wa kanta, don ta ɗauki alamar ƙabilu biyun da ke kashe juna ta tsira. Wannan ba mace ce da aka kawo don a tausaya mata ba. Da shi ta ci kyautar jarumar shekara ta finafinan Birtaniya masu zaman kansu, aka kuma saka ta a takarar babbar jaruma ta BAFTA a 2021, shekarar da Frances McDormand ta ɗauka.

Ɗan Kongo:
Na ji, amma ka lura kyaututtukan da kuka lissafa duk daga na kukan suka fito. Ba a ba ta komai don ta kama Loki ba.

Ummu Sudais (Omdurman):
Ɗan'uwa, ni kuma tambayarka nake so in juya. In ba a yi fim ɗin Gloria ba, wa zai ba da labarinta? Tun da yaƙi ya ɓarke a nan a Afrilun 2023, dangina sun watsu, wasu Masar, wasu Chadi, wasu sun bi hanyar Libiya. Labarin mutum biyu a ɗakin da ba nasu ba, suna jiran takarda, ɗaya na son mantawa ɗaya ta ƙi, ba kasuwar hawaye ba ce a wurina, rayuwar ƙannena ce. Damuwata ba a daina yin irinsa ba, a ba wanda zai yi shi da mutunci.

Malam Na Ƙofar Doka:
Ku yi haƙuri in shigo da wani ɓangare. Kuna ta yabon Sinners, amma matsayin da ta fito a ciki na boka ne. Laya, turare, kiran kakanni, haɗe-haɗen tsibbu, kuma fim ɗin ya nuna ita ce mai gaskiya, abin nata yana aiki. Yaranmu suna kallo. Ni ban ga abin alfahari a nan ba, ko a ina aka haife ta.

Bazazzagiya:
Malam, da girmamawa, finafinanmu na nan ma cike suke da boka da aljani, ba wanda ya ce jarumin da ya fito a boka boka ne. Ni abin da na gani daban ne. Labarin a Mississippi yake a 1932, mutanen da aka raba kakanninsu da Afirka aka ƙwace musu harshe da suna, abin da ya rage a hannunsu na gida ɗan kaɗan ne, Annie ce ke riƙe da shi. Ba sai na yarda da aƙidarta ba kafin in gane me take wakilta. Sannan akwai abin da ku maza ba lallai ku lura da shi ba. Baƙa ce sosai, mai jiki, ba siririya ba, kuma ita ce matar da jarumin fim, Michael B. Jordan, ya dawo wurinta bayan shekaru, ita yake jin maganarta. Ba a mai da ita abin dariya ba, ba a mai da ita baba mai dafa abinci ba. A garin da 'yan mata ke ƙona fatarsu da man bilicin don a ce sun yi kyau, ganin wannan a babban allo ya yi min daɗi har raina.

Malam Na Ƙofar Doka:
Maganar bilicin na yarda da ke ɗari bisa ɗari, 'yata. Bambancin da nake nufi shi ne a namu finafinan boka yakan ƙare da kunya, a can kuwa an ɗaukaka shi. Iyaye dai su san abin da ke ciki kafin su bar yara da waya. Akwai kuma wuraren rashin kunya a fim ɗin, wannan ba wanda zai musa.

Sarkin Majigi:
Wannan gaskiya ne Malam, na manya ne, haka ma aka yi masa rajista a can. Abin da zan ƙara shi ne ita kanta ta faɗa a hirarraki cewa sai da ta girma ta koma ɗaukar darasin Yarbanci, kuma binciken da ta yi don matsayin Annie ya ƙara kusanta ta da asalinta na Yarbawa. To ka ga amsar tambayar Ɗan Samaru daga ɓangarenta: in tana maganar gida, Manchester take nufi da kuma Yarbancin iyayenta. Zariya wurin haihuwa ce.

Ɗan Samaru:
Ban ƙi ba. Ban ce ta zo ta yi hawan Daushe ba. Amma ku tuna a Zariyar nan akwai sashen koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, da gidan wasansa na ginin ƙasa a Samaru, inda tun shekarun 1970 ɗalibai ke fita ƙauyuka suna shirya wasa tare da manoma a kan matsalolinsu. Yaran da ke karatu a wurin yau, musamman mata da ake yi wa gori a gida cewa sun je jami'a karanta "dirama", suna da haƙƙin sanin cewa wadda aka haifa a garin da suke ta kai inda ta kai, kuma da karatun sana'ar ta kai, shekara uku a makaranta da shekara goma na ƙananan ayyuka. Wannan nake so a ɗauka. A masana'antarmu yarinya na shigowa yau, gobe a ba ta jaruma saboda fuska, bayan 'yan shekaru ta ɓace. Ita wannan sai da ta doshi arba'in duniya ta san ta sosai.

Maman Hanifa (Manchester):
Nan kam ka taɓo wani abu. Amma kar mu ɗora wa 'yan matanmu laifin duka. A nan akwai gidajen wasan daɓe a kowane babban gari, akwai BBC da ITV da Channel 4 masu yin shiri duk shekara, akwai ƙungiyar 'yan wasa mai tsaya musu a kan albashi. Ɗan wasa na iya rayuwa da ƙananan ayyuka shekara goma yana gogewa. Brenda Blethyn da Wunmi ta yi aiki a ƙarƙashinta ta haura sittin lokacin da aka fara Vera, ta ci gaba da jan shirin har 2025. A gida wa zai rubuta wa mace mai shekara sittin shirin da ita ce kan gaba? In ta yi aure a ce ta bari, in ta manyanta a ba ta uwar miji mai masifa.

Yarima na Sabon Gari:
To ni dai ina nan a kan bakana game da "tamu ce". Amma zan nemi His House in kalla, kuma zan tura wa abokina wannan zaren ya karanta abin da Ɗan Samaru ya ce a kansa. Yana Ibadan yanzu, da Hausa muke waya.

Baba Malam:
Ka gaishe shi, ka ce wani tsoho a Zariya ya ce gidansu na nan. Ku yara, wannan na Damilola shi nake so a nemo min. Na tuna lokacin da aka faɗi labarin a rediyo, da azumi ya kama a shekarar.

Bazazzagiya:
Ni ma shi zan fara nema Baba. Maman Hanifa, zan iya kallonsa da Ummata? Ba ta jin Turanci sosai, ni zan riƙa fassara mata.

Maman Hanifa (Manchester):
Za ki iya, babu abin jin kunya a ciki, minti casa'in ne. Sai dai ki fara ba ta labarin yaron tukuna kafin ku kunna, kar abin ya zo mata ba shiri. Kuma in akwai ƙananan yara a gidan, ku bari sai sun yi barci.